Injin Saura Ƙiris

A Anguwan Rogo ta Jos in ka tambayi shagon Gwadabe mai gyaran rediyo, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce Saura Ƙiris, ko tsohuwa mai ƙosai da ludayi za ta nuna maka hanya.

Uzairu mai fenti ne ya laƙaba masa sunan. Taubashinsa ne, ɗan kawunsa, saboda haka ba dama ya yi fushi a fili. Kuma tsakani da Allah Gwadabe shi ya jawo wa kansa. Hannu dai yana da shi, rediyon da ta faɗa rijiya ma in ka kawo masa sai ta yi magana. Matsalarsa gamawa. Ya taɓa ƙera fanka mai aiki da sarƙar keke, ta juya sau biyu ta cire wa mai shayi hula, ya ce saura ƙiris. Ya ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da fitilar aci-balbal, aka buɗe aka tarar ƙwan sun dahu luguf, 'yan majalisa suka aika a sayo yaji. Yana tsaye yana kallo ana ɓare masa kaji, ya ce wallahi saura ƙiris su fito.

Da farko yana dariya tare da kowa. Abin ya fara yi masa ciwo ne ranar wani ɗaurin aure, da maroƙi ya ɗauki lasifikar da shi Gwadabe ya gyara da hannunsa, ya kwarara: "Malam Saura Ƙiris ya iso, Allah ya cika mana ƙiris ɗin nan!" Ya dawo gida ransa a ɓace, sai ga autarsa Kausar ta tare shi da tambaya, wai Baba, Saura Ƙiris sunan kakanmu ne? A makaranta haka ake kiranta. Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Mutum ya haura arba'in, a ce sunan da ubansa ya yanka wa rago ya ɓace a gari!

A shekarun nan da wayar salula ta fara shiga aljihun kowa, gyaran rediyo ya ja baya, Gwadabe ya samu lokacin tunani fiye da yadda ya kamata. Wata rana yana zaune, wani ɗan ƙwallon ƙarfe na boris ya suɓuce masa a kan tebur. Teburin a karkace yake, amma maimakon ƙwallon ya gangara ƙasa, sai ya hau sama, ya je ya manne da mayen ƙarfen wata tsohuwar sifika, ƙwas. Gwadabe ya ɓamɓare shi ya mayar, ya sake hawa. Ya shafa gemu.

"To," in ji shi, shi kaɗai. "In maye zai ja ƙarfe ya hau tudu kyauta, gangare kuma ya dawo da shi kyauta, wa ya rage a biya?"

Ba mai, ba batir, ba jiran a kawo wuta. Abu ya yi ta zagayawa har tashin duniya. Daga nan sai a ɗaura masa ɗan dinamo mai ba da wuta, Anguwan Rogo ta haskaka. Ya hango kansa ana nuna shi da yatsa a kasuwar Taminus ana cewa ga Injiniya Gwadabe can.

Bai yarda ya yi aikin a shago ba, don Jos ba a rasa ɓarayin basira. Cikin gida ya kai shi. Ɗakinsu na tsakiya dogo ne, an raba shi biyu da bangon katako tun zamanin mahaifinsa. A ɗaya gefen matarsa Safara'u take ɗinki, kayan makaranta da zannuwan gado, tun hantsi har rana ta yi sanyi. A ɗaya gefen ya kafa kanta a jikin katakon, ya shiga aiki. Duk sifikar da mai ita ya manta da ita a shago sai da ya farke ta ya cire mayen. Ya jera su layi biyu a jikin falanki, baki a buɗe daga ƙasa, yana tsukewa zuwa sama. Hanyar da ƙwallon zai bi ce ta gagara, har idonsa ya faɗa kan ƙarfen labulen Safara'u. Kafin la'asar labule ya koma kan igiya.

"Malam," ta ce daga bayan katako, "tunda ga sifana a hannunka, ka dubo min ƙafar keken ɗinkin nan mana. Notin nan da ya faɗi tun bara, sai rawa keken yake yi. Na gaji da tokare shi da bango."

"Ina zuwa, Maman Kausar. Saura..." Ya haɗiye sauran. Ita kuwa ta ƙara tura keken jikin katako ta ci gaba da takawa.

Injin ya tashi, kuma abin sha'awa. Ka ajiye ƙwallon a gindin tudu, sai ya ɗan yi jim, sannan ya zabura ya haye, ya faɗa wani rami a can ƙarshe, ya biyo lanƙwasar ƙarfen labule yana dawowa. Yana zuwa dab da inda ya faro, wurin wani ɗan tudu da bai kai kaurin farce ba, sai ya tsaya cak. Gwadabe ya ɗaga nan, ya sauke can, ya ƙara maye, ya rage maye. In ya sassauta tudun don dawowa ta yi sauƙi, sai mayen ya riƙe ƙwallon a sama ya ƙi saki. In ya ƙara tsayi don ya saki, sai ya kasa hawa. Kullum dai abu kaɗan ne ya rage, kuma ba ya son ya faɗi sunan abin.

Da asuba yake gwajinsa kafin ya fita shago. Wata Talata ruwan sama ya hana shi fita, ya zauna har hantsi. Safara'u ta gama wanke-wanke ta hau keke, kakat-kakat-kakat. Ya ajiye ƙwallon don ɗebe kewa. Ya hau, ya faɗa, ya dawo, ya zo wurin ɗan tudun nan, ya yi ɗan karkarwa, ya tsallake. Ya sake hawa.

Gwadabe ya miƙe tsaye a hankali. Ƙwallo ya zagayo, ya sake zagayowa. Ya ɗaga hannuwansa sama don kada shaiɗan ya ce shi ke turawa. Ƙwallo bai fasa ba. Sai ga hawaye, wallahi, dattijo da gemunsa. Ya fita da gudu cikin yayyafi, takalmi wari da wari, bai tsaya ko'ina ba sai rumfar Uzairu.

"Taso, ɗan baƙin ciki! Gani ya kori ji!"

Suka iso zaure, Gwadabe ya ɗaga murya kamar yadda kowane mai gida yake yi in zai shigo da namiji: "A gyara, za a shigo!" Safara'u ta tsayar da keke, ta ja mayafi, ta nufi madafi ta ɗora wa baƙo ruwan shayi. Suka shiga. Ƙwallon na zaune a gindin ɗan tudunsa, shiru, kamar bai taɓa motsi ba tunda aka ƙera shi.

Uzairu ya duƙa ya leƙa, ya ɗago. "Yaya, in faɗa ko kai za ka faɗa?"

Gwadabe ya sa shi ya cire agogo. Ya sa shi ya ajiye makullai a tsakar gida, ya kwance bel, har sai da mutum ya tsaya riƙe da wando da hannu biyu. Aka gwada, ƙwallo ya je ya dawo ya tsaya. Uzairu ya fita yana dariya har yana tuntuɓe da turmi. Ko ƙofar gida bai kai ba Safara'u ta koma kan ɗinkinta, Gwadabe ya ajiye ƙwallon cikin huce haushi, sai ga shi yana zagayawa abinsa.

Haka aka yi da mai shayi. Haka aka yi da ladan. Duk wanda aka ce a gyara za a shigo dominsa, sai injin ya yi mursisi. Gwadabe ya auna, ya hanga, ya gano bakin zaren: kambun baka ne. Injin lafiyarsa ƙalau, idon mutane ne ba ya so. Ya tofa masa addu'a, ya turara masa habbatus sauda har Kausar ta yi ta atishawa.

Majalisa kuwa ta samu abin taɗi. Wai Saura Ƙiris ya ƙera inji mai kunya, sai an yi masa sayen baki. Ran nan Uzairu ya kai shi bango a gaban jama'a, Gwadabe ya buga ƙasa ya ce a sa rana.

"Allon shagonka ya koɗe," in ji Uzairu. "In abin nan ya zagaya a gaban shaidu, ni zan rubuta maka Injiniya Gwadabe da fentina, harafi kamar kan mutum, kuma duk wanda ya ƙara kiranka da wancan suna ni da shi ne. In ya ƙi fa?"

"Ka rubuta abin da ka ga dama."

"Ka san abin da zan rubuta."

"Na sani."

Aka rasa alƙalin da kowa zai yarda da shi, sai aka tuna da Baba Mwadkon na unguwar Jos Jarawa. Tsohon makaniken kamfanin kuza ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan injin da ke tace kuza da mayen ƙarfe, kuma tare suka yi aiki da mahaifin Gwadabe. Tun rikicin da aka yi a gari bai ƙara taka Anguwan Rogo ba. Gwadabe ya je da kansa ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya saurara, ya yi dariya har da tari.

"Yaro na, Bature ma ya nema wannan abu bai samu ba. Amma zan zo. Na daɗe ban sha kunun gidanku ba."

Ranar Asabar da safe Gwadabe na goge ƙarfen labule da tsumma, Safara'u ta leƙo.

"Malam, ni fa akwai abin da na lura da shi game da abin nan naka."

"Maman Kausar, don Allah. Wannan harkar kimiyya ce, ba kalmasa ba. Ki dai dama kunu mai kyau, kuma yau a rufe keken nan, kada manyan mutane su zo ana yi musu kakat-kakat a ka."

Ta dube shi, ta dubi katakon. "To, Malam," ta ce.

Bayan azahar ɗan acaɓa ya sauke Baba Mwadkon da tsohon kwat ɗinsa da hular sanyi. Tun daga bakin layi tsofaffi ke tasowa suna riƙe masa hannu, ana ina ka shiga, ana yaya iyali, har idonsa ya kawo ruwa ya ce hayaƙin mashin ne. Uzairu kuwa, don rashin ta-ido, da gwangwanin fenti da buroshi ya zo, wai kada a wahalar da shi komawa.

"A gyara, za a shigo!"

Ɗaki ya cika, wasu a bakin ƙofa, wasu ta taga. Aka kawo wa Baba Mwadkon kunu a kofin silba, ya kurɓa, ya rasa wurin ajiyewa ya ɗora a gefen kantar. Ya duba injin sama da ƙasa, ya leƙa ƙarƙashi ko da batir a ɓoye, ya ce ba komai, a fara.

Gwadabe ya yi bisimilla ya ajiye ƙwallo. Ya hau, jama'a suka ce kai! Ya faɗa rami, ya biyo lanƙwasa, ya zo, ya tsaya. Ya sake. Ya tsaya. Gwadabe ya ce a matsa baya, numfashi ya yi yawa. Aka matsa. Ya tsaya. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin garin. Wani daga taga ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Saura..." sai aka ƙarasa masa da dariya. Uzairu ya zaro ƙusa ya fara ɓalle murfin gwangwani. Gwadabe ya tuna Kausar za ta riƙa wucewa ta gaban allon nan kullum da ƙawayenta, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Na ƙarshe," in ji Baba Mwadkon, da tausayi.

Gwadabe ya ajiye ƙwallon. Yana cikin hawa sai aka ji daga bayan katako: kakat, kakat, kakat-kakat-kakat. Gwadabe ya cije leɓe. Yau ga abin kunya goma da goma, ya hana matar nan, ta rasa lokacin ɗinki sai yanzu! Kafin ya buɗe baki, ƙwallo ya zo gindin ɗan tudu, ya yi karkarwa, ya tsallake.

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Ƙwallo ya hau, ya faɗa, ya dawo, ya tsallake. Mai shayi ya rungume ladan. Na taga suna ta ihu wa na waje cewa ya yi, wallahi ya yi! Murfin gwangwani ya faɗi daga hannun Uzairu, bakinsa a buɗe, ya ce, "La ilaha illallahu. Yaya, ashe da gaske kake?" Wani ya fara kiran Injiniya, sauran suka amsa.

Daɗin da Gwadabe ya ji a lokacin, bai taɓa jin irinsa ba ko ranar aurensa. Ya juyo ya ga ko Baba Mwadkon na kallo. Tsohon ba ƙwallo yake kallo ba, kofin kununsa yake kallo. Gwadabe ya bi idonsa. Fuskar kunun na ta rawa, cokalin ciki na ƙara siririya a jikin silba, daidai da kakat-kakat ɗin da ke fitowa daga bayan bango. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin katako, ya ji shi yana motsi.

Akwai wata 'yar tsaga tsakanin falanki biyu, ya kai idonsa. Safara'u na zaune lulluɓe da mayafi, ta danna keken jikin bango da gwiwarta, tana takawa da iyakar ƙarfinta. Babu ƙyalle a ƙarƙashin allura. Ko zare babu.

Baba Mwadkon ya matso kusa da kunnensa. "Yaro na, ni an ce in duba ko yana zagaya. Yana zagaya. In ka ce in faɗa haka, haka zan faɗa."

Ga suna nan a tafin hannunsa, abin da ya rage kawai ya yi shiru. Ba wanda ya lura, kuma tsohon ba zai tona ba. Sai dai kunya ta riga ta kama Gwadabe tun daga tafin ƙafa, ba ta mutanen ɗakin ba. Ya tuna shekara nawa yana jin ƙarar nan ta bayan katako, da ita ake cefane, da ita aka sai wa Kausar takalmin makaranta, shi kuwa yana can yana neman abin da zai yi ta aiki ba a ba shi komai.

Ya gyara murya. "Maman Kausar."

Hayaniya ta lafa.

"Ɗan tsaya."

Keke ya yi shiru. Ƙwallo ya gangaro, ya zo gindin tudunsa, ya zauna.

"Taka."

Sai muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam..."

"Taka dai, ba komai."

Kakat-kakat-kakat. Ƙwallo ya yi karkarwa ya tsallake. Ya ce tsaya, ya tsaya. Ya ce taka, ya tafi. Ladan ne ya fara ganewa, ya toshe baki da hula. Daga nan dariya ta ɓarke, irin wadda ake riƙe ciki, har na waje suna tambaya me ya faru. Baba Mwadkon ya share hawaye ya ɗaga kofinsa wajen katakon.

"Madam, sannu da aiki! Jama'a, hukunci na ke nan. Inji yana gidan nan, ba ya shan mai, ba ya jiran wuta. Amma ba Gwadabe ne ya ƙera shi ba."

Uzairu ya yi dariyarsa ya more, sannan ya jawo Gwadabe gefe. "Yaya, a bar maganar allon nan. Wasa ne."

"Magana zarar bunu ce. Je ka rubuta."

Ya kuwa je, jama'a na biye da shi. Don mugunta ya yi haruffan manya-manya yadda za a hango daga bakin titi, bai auna fentinsa ba. Yana kaiwa SAURA ƘIR gwangwani ya ƙafe. Aka ce Uzairu yaya, ba ka gama ba? Ya buɗe baki zai ba da amsa, ya ga irin kallon da ake yi masa, ya rufe. Har yau haka allon yake.

Gwadabe bai bi su ba. Ya raka Baba Mwadkon ya hau acaɓa, da alkawarin zai dawo shan kunu, sannan ya koma ciki. Ya kwance ƙarfen labule ya miƙar da shi a kan turmi, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ya warware wani noti daga gindin injin, ya ɗauki sifana da ɗan man keke, ya zagaya ɗaya gefen katakon, ya yi sallama kamar baƙo.

Safara'u na zaune ta tallafe haɓa. "Da ka yi shiru, Malam. Ai don Kausar na yi."

"Na sani. Ɗaga ƙafarki."

Ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa ta taron jama'a. Ya janye keken daga jikin bango, ya ɗaura notin ya ɗaure shi tam, ya bi sauran ya ƙara musu ƙarfi, ya ɗiga mai a duk inda ke kuka. Ya sa mata zare da kansa, sai da ya yi ta lalube kafin ya samu kafar allura. Ta ɗauko wata rigar makaranta ta sa, ta taka. Keken ya tafi sumul, ba rawa, ba ƙara, katako ko motsi bai yi ba. Ta ɗan ƙara sauri, ta saurara, ta dube shi ta gefen ido tana danne murmushi.

"Yanzu saura me, Malam?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya zura sifana a aljihu.

"Babu saura," ya ce. "An gama."